Ranar da na durƙusa wa Kuwabara

Ni na goyi Norio. Ni na sayar da kifi a kasuwar garin Sakata har ya gama karatun lauya, don haka kada wanda ya ce mini in sassauta murya.

Lokacin da kamfanin Kuwabara ya zuba dattinsa a kogi, shinkafar ƙauyenmu ta ƙone a tsaye, har da gonar babanmu. Norio ne ya maka shi a kotu. Ya yi shekara da shekaru yana fama, gashinsa ya zube, amma ya kayar da shi. Baba bai ga ranar ba, baƙin ciki ya riga ya kai shi ƙasa.

Sai ga ƙanen nawa wai zai tsaya takarar majalisa. To, madalla. Na sa farar safar hannu irin ta masu kamfe, na hau motarsa ina ɗaga wa mutane hannu kamar wata sakarya, har muryata ta dushe.

Ana jibi zaɓe ya same ni a kicin, yana ta murza hannu.

"Yaya, akwai taro a zauren 'yan kwangila. Kuwabara ne shugabansu. Ƙuri'un ma'aikatansa kaɗai sun isa su kai ni."

"Sai me?"

"Ya ce sai an roƙe shi a ƙasa. Ni da ke."

"Ni? In sa goshina a tabarma gaban wanda ya kashe ubanmu? Norio, kanka ɗaya kuwa?"

"Idan na shiga majalisa zan gyara kogin, Yaya. Minti ɗaya ne fa."

Tir! Amma na je. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma haushin kaina nake ji.

Kuwabara na zaune a kan matashi, ya yi ƙiba kamar buhun shinkafa, yana kurɓar shayi. Mutanensa sun cika zauren. Norio, mutumin da ya taɓa nuna shi da yatsa a gaban alƙali, ya zube, ya dafa hannu biyu, goshi a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a taimake ni. A manta da abin da ya wuce."

Ni ina tsaye ƙyam. Kuwabara ya dube ni yana murmushi.

"Lauya, yayar taka fa? Ko gwiwa ce ke damun tsohuwa?"

Aka kwashe da dariya. Norio bai ɗago ba, sai ya lallaɓo hannu ya kama bakin zanina, kamar yadda yake yi yana ƙarami idan ya ji tsoron kare.

"Yaya," ya ce a hankali, "ina roƙonki."

Na durƙusa. Na sa goshina a ƙasa. Suka yi tafi, 'yan banza.

Norio ya ci zaɓe. Washegari da safe ya bugo mini waya, yana ta murna.

"Yaya, mun ci!"

"Ku kuka ci, kai da ubangidanka."

"Haba Yaya, ai har da ƙuri'arki."

"Na ɗauki fensir zan rubuta sunanka a takardar ƙuri'a, hannuna ya ƙi. Sunan abokin hamayyarka na rubuta. Kuma idan za ka je kabarin Baba, ka zaɓi ranar da ba na nan."