Farin Ƙyallen da Ta Ba Lado

Da kaka ta wuce, ni da abokina Lado mukan bar Ɗansoshiya mu tafi cin rani Riruwai, mu haƙi kuza a tsofaffin ramukan da kamfani ya bari. Bukkarmu ɗaya, gorarmu ta ruwa ɗaya. Shi ke ɗebo ruwa da safe a wani rami da ya zama tafki, ni nake hura wuta.

Akwai wata bazawara, Maijidda, mai sayar da tuwo a bakin hanya. Ina son ta, ban faɗa mata ba, amma na riga na gama aurenta a zuciyata har na raɗa wa 'ya'yan suna. Ita kuwa kullum tsiya take yi mini, wai Mainasara mai kan dutse. Sunan ya samo asali ne ranar da wanta, ma'aikacin lafiya, ya tara 'yan cin rani yana cewa kurkunu a ruwan sha ake ɗaukarsa. Na ce ƙarya ne, kurkunu a jini yake, kakana ya yi, ubana ya yi. Na karkaɗe rigata na tafi tun kafin ya buɗe jakarsa.

Bayan kwana uku na hango ta a bayan rumfa tana miƙa wa Lado wani farin ƙyalle a ninke, tana magana ƙasa-ƙasa. A wajenmu mace ba ta ba namiji hankici don ya fyace majina. Tuwon ranar nan ko loma biyu ban yi ba.

Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce amana ce, ba ruwana. Dariyar ta fi ƙyallen ƙona mini rai. Lado fa, mutumin da in ya yi waƙa jakuna ke amsawa. Na riƙa lura da shi. Kullum zai tafi ɗebo ruwa sai ya cusa ƙyallen a aljihu, in ya dawo ya shanya shi a bayan bukka inda yake zaton ba na gani. Na ce a raina, har wanke shi yake yi kowace safiya, ɗan gatan masoya.

Wata rana yana cikin rami na ɗauke ƙyallen. Na shinshina, ko ɗigon turare babu, sai ƙarnin laka, na ji daɗin wannan rowar tata. Na tura shi can ƙasan jakata. Lado ya yi kwana biyu yana birkita bukka, bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na daina cin tuwon Maijidda, na koma wajen wata mai ɗanwake da ba ta san gishiri ba. Haka muka ƙare ranin.

Kurkunu sai ya shekara a jiki kafin ya nuna kansa. Da muka dawo wani ranin, ana dab da saukar damina, ƙafar Lado ta kumbura ta yi bororo a idon sawu, wani kuma a gwiwa. Ruwa ɗaya muka sha, amma ni ko ƙurji ban yi ba. Ya kwanta, ga shuka ta matso, ga tsohuwarsa a gida ba ta da mai riƙe fartanya sai shi.

Maijidda ta zo da ruwan zafi da ɗan tsinke. Ta dube shi ta ce ina ƙyallen tace ruwan da ta ba shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ta ɓace tun bara, kunya ta hana shi faɗa. Sai ta juyo gare ni.

"Saboda kai na ba shi, Mainasara. Na san in na ba ka ba za ka karɓa ba. Na ce ya riƙa tace muku a ɓoye, kada wannan mai kan dutsen ya gurgunce."

Na ɗaga ido. Jakata tana rataye a saman kanta, ƙyallen yana ciki.

Ban faɗa ba. Na koma gida na nome gonar Lado kafin tawa, mutane suna ta sa mini albarka, kowace albarka tana sukata. Ita kuwa ta zauna da shi kwana arba'in da wani abu, kullum tana naɗe zaren tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke a ciki. Mutum biyu ba sa yin irin wannan zaman su tashi yadda suka zauna.

Bayan kaka aka ɗaura musu aure, ni ne babban abokin ango. Gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba, a zaune yake salla har yau. Ƙyallen yana cikin akwatina, tun ranar da na ɗauke shi bai sake taɓa ruwa ba.