Katin Baba Badaru

A shekarar da babura suka cika hanyar Mai'adua saboda ƙarin albashin Udoji aka turo Haulatu ɗakin shan magani na Tsamiyar Goje. Wata shida ta yi a babban asibitin Daura tana koyon wanke ciwo, ɗaura bandeji, dafa sirinji da ajiye katin marasa lafiya. Disfensan garin, Malam Mainasara, wanda kowa ke ce wa Likita, ya daɗe yana kukan aiki ya yi masa yawa, domin shi ne mai ba da kati, shi ne mai dubawa, shi ne kuma mai allura. Da ya ga ta sauko daga mota da akwatinta, ko gaisuwa ba su gama ba ya nuna mata kusurwar ɗaki ya ce, "Ga durowar kati can. Daga yau ke da ita."

Tsarin ba shi da wuya. Kowa yana da ƙaramin kati mai lamba da yake tafiya da shi gida. Babban katin, wanda ake rubuta ciwon mutum da maganin da aka ba shi, yana zama a durowa. Abin da ya fi ƙarfin ɗakin shan magani kuwa, sai a rubuta takarda a tura shi Daura.

Tana cikin mako na biyu, da hantsi, wani dattijo ya shigo yana ɗingishi. Badaru ke nan, dillalin shanu. Kwana biyar da suka wuce wani bijimi ya karce shi da ƙaho a ƙwauri a kasuwar Mai'adua, ya shafa toka da man shanu ya ci gaba da harkarsa. Yanzu ƙafar ta kumbura tana sheƙi.

"Likita, allura na zo a yi mini," in ji shi tun daga bakin ƙofa. "Mai zafin nan."

Ya miƙa wa Haulatu ƙaramin katinsa, ta je ta zaro babban. Sai ta ga ya fi na kowa kauri, takarda uku an haɗa da fil. A saman ta biyu an rubuta da jan biro, har an ja layi a ƙasa: kada a yi wa mai wannan kati allurar fenisilin. Ta ɗaga kai ta ga Malam Mainasara ya riga ya ɗauko kwalbar fenisilin ɗin yana girgizawa.

"Malam, dakata," ta ce. Ta juya ga dattijon. "Baba, an taɓa yi maka allura jikinka ya ƙi ta?"

"Ni? 'Yar nan, jikina da allura sai hamdala."

Haulatu ta fara karanta katin daga farko. "Badaru, namiji, shekara hamsin da biyu. Zazzaɓi. Harbin kunama. Ƙyanda." Ta ɗan dakata. "Haƙori ya fara fitowa, da gudawa. Baba, bara kai ne kake da ciki wata shida?"

Masu jira a kan benci suka bushe da dariya, har wata mai goyo ta rufe baki da mayafi. Badaru bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya gyara zama ya yi bayani. Katin a cikin gwangwani yake, rataye a zaurensa, duk wanda ba shi da lafiya a unguwa sai ya ɗauka. Wasu na tsoron in aka rubuta sunansu a takardar hukuma za ta kai ga masu haraji da jangali. Wasu ba su san shekarunsu ba, ba sa son a tsare su da tambaya a gaban jama'a.

"Abin alheri ai ba a hana maƙwabci," in ji shi.

Malam Mainasara ya ajiye kwalbar yana sosa ƙeya. "Ranar kasuwa mutum tamanin nake gani ni kaɗai. Ƙasan kati nake rubutu, ba na duba samansa." Ya karɓa ya duba jan rubutun. Ba hannunsa ba ne. Na wani ne da ya riƙe masa wurin bara da damina lokacin da ya tafi kwas Kaduna, kuma tuni an mai da shi wani gari.

"To, ko kai ne ko ba kai ba, yau babu allura sai mun tabbatar," ya ce wa Badaru.

Haulatu ta wanke ciwon, ta matse mugunya, ta zuba aidin. Badaru ya cije leɓe yana salati. Aka ba shi ƙwayoyi a ƙunshin takarda, ya dube su a raine ya ce magani in ba allura ba ai gaisuwa ce kawai.

Abin da ya tsaya wa Haulatu a rai ba Badaru ba ne. Akwai wani a unguwar nan da allurar za ta iya kashewa, kuma wataƙila shi kansa bai sani ba. Bayan la'asar ta ɗauki katin ta tambayi hanyar gidan dillalin. Ta same shi a zaure ya miƙe ƙafa a kan buzu. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, sai ya aika aka kira duk waɗanda ya tuna sun taɓa ɗaukar gwangwanin.

Kwanan watan da ke jikin jan rubutun ya faɗo cikin Sha'aban na bara, lokacin gero ya fara fid da kai. Maza suka ce su dai ba su san zancen ba. Haulatu ta shiga cikin gida wurin mata. Aka gano mai cikin, ga ɗan ma a bayanta. Aka gano mai ƙyanda, yana ta guje-guje a tsakar gida. Mai jan biro dai shiru.

Tana shirin tashi wata tsohuwa ta shigo da faifan turaren wuta da kwalaben humra, tana tari. Maiturare ake ce mata, da sana'ar tata. Da aka ba ta labari ta zauna ta ce, "Ni dai bara da damina na tafi da katin Badaru an yi mini allura. Ban ko tashi daga benci ba leɓɓana suka kumbura kamar na raƙumi, jikina ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi da ƙyar. Yaron nan da ya riƙe wa Likita wurin ya sake yi mini wata na dawo daidai. Ya yi ta surutu, ban ji me ya ce ba. Amma wannan ba laifin allura ba ne, 'yata. Na bi ta gindin tsamiya ne da tsakar rana."

"Inna, allurar ce," in ji Haulatu. "Jikinki ba ya son irinta. In aka sake yi miki, abin zai iya fin na bara."

"Ashe? To ni gobe ma nake shirin zuwa saboda tarin nan. Da na ji an ce katin Badaru ya jawo magana, sai na aro na Hussaini mahauci."

Ta kwance bakin zane ta nuna shi. Haulatu ta san katin Hussaini ba shi da jan rubutu ko ɗigo. Ta sa hannu ta karɓe shi, ta ce a mayar wa mai shi. Sannan ta zauna ta yi wa matan bayani a hankali: kati tamkar bakin mara lafiya ne, shi ke faɗa wa likita abin da mutum ya manta ko bai sani ba, in aka ari na wani kuwa ƙarya zai yi. Da suka fito zaure aka sake tayar da zancen haraji, sai Badaru da kansa ya kashe shi.

"Shekara huɗu sunana yana cikin durowar nan. Wa ya taɓa zuwa ƙirga mini shanu?"

Washegari layin masu neman katin kansu ya kai har gindin dalbejiya. Haulatu ta sa tebur a inuwa tana tambayar kowa a hankali yadda na baya ba zai ji ba. Wanda bai san shekarunsa ba sai ta tambaye shi abin da ya tashi ya tarar, ta ƙiyasta. Na Maiturare ta fara rubutawa, ta sa jan biro a babban katin da ƙaramin duka, ta kuma koya mata ta riƙa cewa "ban da fenisilin" duk asibitin da ta shiga. Badaru ya sami sabon kati da allurarsa. Ya fito daga bayan labule yana dafe da ƙugu, yana cewa yanzu ya ji an yi aiki.

Da Malam Mainasara ya ji tarin Maiturare ya kai wata uku, ya sa abin awo ya saurari ƙirjinta, ya ce wannan ya wuce nan. Ya rubuta mata takarda zuwa Daura a ɗauki hoton ƙirji. Ta yi ta gardama tana cewa wa zai tsare mata ciniki, daga ƙarshe dai ta hau mota ranar Asabar.

Bayan kwana uku ta dawo, ta biyo ta ɗakin shan magani kafin ta isa gida. Ba tarin fuka ba ne, hayaƙi ne ya yi mata yawa. An ba ta maganin sha, an ce ta daina haɗa turare a cikin ɗaki a rufe.

"Sun nuna mini haƙarƙarina a jikin fitila," ta ce wa Haulatu. "Duka suna nan, ba wanda ya ɓata."

Ta ajiye mata 'yar kwalbar humra a kan tebur, ta ɗauki faifanta ta tafi.