Buhun Gero Daga Liba

Gwiwa ce ta kai Kubura asibiti. Ta daɗe tana salla a zaune kan kujerar roba, ita da ko arba'in ba ta kai ba, kuma abin yana ci mata rai fiye da yadda take faɗa. Malamar asibitin, Aliya, ta ɗora ta kan sikeli, ta auna jininta, ta ce gwiwar ba ta da laifi, nauyi ne ya yi mata yawa, ga jini ya soma hawa.

"Kada ki sa rai ki zube cikin wata guda," in ji ta. "Sannu za ki bi. Ko kilo guda kinka rage a wata, ki gode Allah."

Kubura ba ta da wannan haƙurin. Ta aika kasuwar Jega aka sayo mata wani shayi da mai lasifika ke rantsuwa yana narkar da kitse. Babu abin da ya narke sai cikinta, ta yi ta zaryar bayi har ta galabaita. Daga nan ta koma kan maganar Aliya. Ta mai da malmalar tuwonta ɗaya, ta cire sukari daga fura. Ta daina aika gero wurin inji, ta jawo turmi tana daka da hannunta. Islamiyya ma da ƙafa take zuwa, ta bar hawan babur ɗin haya, kabu-kabu.

Watannin farko sikeli kamar an ɗaure shi. Ta yi kuka gaban Aliya, ta ce ta gaji, wahalar banza take sha. Aliya ta ce ta bar kallon sikelin, ta duba inda bakin zaninta ke kaiwa yanzu. Ta duba, ta ga ya ƙara zagayawa, ta ci gaba. Mijinta Rufa'i, mai sayen albasa a Aliero, yana tsokanarta amma yana riƙo mata kabeji da yalo. Wata azahar ta ture kujerar gefe, ta sunkuya a hankali, goshinta ya taɓa ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, tana kukan daɗi.

Sai aka yi suna a Maiyama, ta haɗu da Gwaggo Dije, ƙanwar babanta. Gwaggo ta kama damtsenta ta murza.

"Ke, mi yas same ki?"

"Lahiya lau, Gwaggo. Asibiti anka ce in rage jiki."

"Asibiti! An ce mani ke ka daka da kanki, kina yawo ƙasa cikin rana. Ruhe mai asiri dai, ɗiyata. Mu ma mun yi aure."

A wajenmu da jikin mace ake auna miji. Ta yi ƙiba, ya iya riƙo. Ta rame, ko ya karye ko mugu ne, babu magana ta uku. Kafin a watse daga sunan, labari ya isa Liba, wurin iyayenta.

Babanta, Malam Ya'ƙub, bai kira surukinsa ya tambaye shi ba, wai kunya. Kunyar ce ta sa ya ɗaura buhun gero da galan na man shanu bayan kabu-kabu, da rana tsaka. Aka dire su ƙofar gidansu Kubura a unguwar Jega Firchin, daidai inda Rufa'i ke zaune da abokansa. Mai babur kuwa ya isar da saƙo da ƙarfinsa: "Malam ya ce a kawo ma ɗiyatai, kada ta lalace."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi zafi. Rufa'i ya tashi ya shiga gida wurin Kubura, idonsa jajir.

"Kin ga abin da kinka jawo mani? Ni za a aiko ma hatsi gaban mutane?"

"Malam, kai ka san gaskiya."

"Ni na sani. Wa yas sani bayan ni?"

Ta buga wa Innarta waya, ta yi bayanin gwiwa da jini, ta rantse. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyar kirki ba ta tona asirin gidanta. Mun gane." Duk abin da ta faɗa, shaida ya zama a kan mijinta.

Rufa'i ba mugu ba ne, kuma da mugun ne da abin ya zo mata da sauƙi, don da ta samu wanda za ta ƙi. Roƙonta ya yi. Ya ce ta taimake shi ta mai da jikinta zuwa babbar salla kawai, su je Liba a gan ta, bayan nan ta yi abin da take so. Ya sa aka mai da turmi ɗakin ajiya. Kullum ya dawo da tsire da madara, ya zauna kusa da ita, yana tura mata kwano. Tana ci tana jin haushin kanta da nasa da na kowa. Abin da ta sha wuya kafin ta sauke ya dawo ba wuya, har da ƙari. Ta daina zuwa wurin Aliya, don ba ta da idon da za ta dube ta.

Washegarin salla suka isa Liba. Mata suka yi caa a kanta, ana ta masha Allah. Gwaggo Dije ta rangaɗa guɗa, ta ce ai ita ta ceto yarinyar. Malam Ya'ƙub ya riƙe hannun Rufa'i da hannu biyu, yana sa masa albarka.

Kubura ta matso ta gai da babanta. Ta soma durƙusawa, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa, zafi ya soke ta har ƙugu, ta tsaya rabi a sunkuye, ta dafa bango, hawaye na zubo mata. Ba ta iya sauka, ba ta iya miƙewa.

Inna ta dube ta, fuskarta cike da alfahari, ta yi dariya.

"Ku bar ta, ta gaishe shi tsaye. Daɗi na yay yi mata yawa."