Jikka Uku a Bakin Zane

"Dubu biyu," in ji mai sayar da magani. Ya ɗaga yatsu biyu ta tagar kantinsa yana murmushi, sannan ya rubuta wani abu a bayan takardar da likita ya ba Hasiya.

Mutumin ɗan kudu ne, watansa uku ke nan a Malanville, garin nan na bakin kogi a kan iyaka, kuma ba abin da ke masa daɗi kamar a ga ya fara jin Hausa. Ta sake tambaya, ko kunnenta ne. Ya maimaita, har da gyaɗa kai.

A bakin kogin nan da dala ake ƙidayar kuɗi, kowace dala tamma biyar, wato sefa biyar. Takardar tamma dubu, jikka ake ce mata. In aka ce dubu kuwa, dala dubu ake nufi, jikka biyar ke nan. Hasiya ba ta yi boko ba, amma wannan lissafi ko daga barci ta tashi ta iya shi: jikka goma ake nema don allurar ƙafar mijinta. Ita kuwa jikka uku ce a ƙulle a bakin zanenta, kuɗin tunkiyar da ta sayar jiya. Ba ta ma kwance ƙullin ba, wa ke son a ga tsiyarsa a gaban layi? Ta naɗe takardar ta juya.

*

Hasiya ta iske ɗansu Issufu a tasha, ana loda masa buhunan albasa a motar Kotonu. Tun da soja suka karɓi mulki rediyo ba ya gajiya da cewa ƙasa tana ci gaba, kuma gaskiya kasuwa ta cika ta batse, motoci ba dare ba rana a kan gadar da aka gina a kogin. Gadar nan ce ta zaunar da mijinta Sodangi, wanda ya shekara talatin yana ƙetarar da mutane zuwa Gaya, garin tsallaken kogi, a jirginsa. Ya koma kamun kifi da tsufansa, har wata ƙugiya mai tsatsa ta shige masa tafin ƙafa.

"Dubu biyu, Inna?" Issufu ya share gumi. "Abin da ag gare ni na mai mota na, da na jandarma bisa hanya. In ban ɗora albasag ga yau ba, ruɓewa za ta yi."

"Ƙahwar ubanka ma ruɓewa takai."

Ya kawar da kai. Ba mugun ɗa ba ne, Hasiya ta sani. Baki tara ke jiransa a gida, kuma wannan ne lodinsa na farko da kuɗin kansa.

"Kwana goma na, Inna, in dawo. Kuma Baba ya tsuhwa, ko an yi allurag ga..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Gajiya ce ta sauko mata, irin wadda ba ta barin mutum ya yi fushi.

*

Ta iske Sodangi a tabarma ƙarƙashin rumfa, yana korar ƙuda da mafici. Ƙafar ta kumbura har ƙauri.

"Nawa sunka ce?"

"Jikka goma, Maigida."

Ya yi 'yar dariya. "Kan ƙahwa guda? Jirgina ma ban saye shi haka ba. Ki bar yaro shi yi nema. Daka min ganye."

Ta daka. Safe da yamma tana wankewa da ruwan ɗumi tana ɗaurewa, tana ƙirga kwanakin Kotonu. Jikka ukun ta hana kanta taɓawa, wai in Issufu ya dawo sai ya cika bakwai kawai. A rana ta takwas haƙoran Sodangi suka datse, ko kunu ya daina wucewa. A ta tara, bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa.

*

Albasa ta yi kuɗi. Issufu ya dawo ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ran sadakar bakwai kuma ya kayar da sa, ya sauke shinkafa buhu biyu. Duk unguwa ana ta sa masa albarka, ana cewa haihuwa ta yi rana.

Seydou, maƙwabcinsu mai aikin rubutu a duwan, wato ofishin kwastan, ya shigo ɗaki yi wa Hasiya gaisuwa. Da zai tashi ta ciro takardar daga ƙarƙashin matashi.

"Karanta min, ɗana. So nikai in ji sunan maganin da yag gagare mu."

Ya karanta sunan, wani dogon abu na Nasara. Ya juya bayan takardar, ya tsaya.

"Inna, nawa ankac ce miki?"

"Dubu biyu."

"Tamma dubu biyu yar rubuta. Ƙirgan Nasara ya yi miki da bakin Hausa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Jikka biyu na, Inna."

Ya ajiye takardar a hankali, ya nemi takalmansa ya fita.

A tsakar gida mata na ta rabon nama, wata na ƙwala mata kira ta zo ta ci tun da zafi. Hasiya ta jawo bakin zanenta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta warware takardun nan uku, ta shimfiɗa biyu a kan tabarmar Sodangi, tana ta shafa su da tafin hannu har suka miƙe. Ɗayar ta rage a hannunta, ta rasa inda za ta sa ta.