Goma Sha Biyun da Ba Goma Sha Biyu Ba

Auta ce ta roƙi a ba ta aikin, ba wanda ya ɗora mata. Kamfaninsu ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon kayan wuta, kuma sana'arsu rubuta manhajar da ke lura da ɗakunan sanyi na masu ajiye kifi. Tsohuwar manhajar ta gaji, aka yanke shawarar sake ta da wani sabon harshen kwamfuta. Da Auta ta ji cewa a ma'ajiyar da yayanta ke gyaran injinan sanyi za a fara gwaji, sai ta ɗaga hannu. Yaya ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ta so ya ga aikinta da idonsa.

A ƙofar kowane ɗakin sanyi akwai ɗan allo mai nuna abin da na'urar auna sanyi ta aiko, a lissafin heksa. Shi wannan lissafi goma sha shida-sha shida yake ƙirgawa, in lambobi sun ƙare a tara sai ya ci gaba da haruffa. Kifi kuwa digiri goma sha takwas ƙasa da sifili yake so. Tsohon harshen gurbi huɗu kacal yake ba kowace lamba, in ta sauka ƙasa da sifili sai ya zagaya ya ƙirgo daga can sama, allon ya nuna ffee. Ba wanda ya san dalili a ma'ajiyar, har Yaya. Sun dai san in ka ga haruffan nan, kifi na barcinsa lafiya.

Sabon harshen ba haka yake ba. A wurinsa lamba ba ta da iyaka, ko za ta cika shafi guda zai riƙe ta, saboda haka babu wani sama da zai ƙirgo daga gare shi. Sai kawai ya sa alamar ragi a gaba. Goma sha takwas a heksa 12 ake rubuta ta, wato goma sha shida guda ɗaya da biyu a kai. Da Auta ta gwada, allon ya nuna -12. Abin ya yi mata kyau a ido, tsaf, ba tarkacen haruffa.

Dogo, abokin aikinta da ke teburin kusa da taga, ya leƙo ya ce ta tilasta wa lambar gurbi huɗu kamar da, ko ta sa wata alama da za ta nuna heksa ce. Ta ce ai lissafin daidai yake, ta ƙara masa da tsokanar cewa shi da tsohuwar manhajar sa'o'in juna ne. Ya yi dariya ya koma kan shayinsa. Da yamma ta kira Yaya tana murna.

"Yaya, gobe za ka ga allonku ya fara magana irin ta mutane."

Washegari tana wurin wani abokin ciniki, wayarta a jaka, mai ma'ajiyar ya zo zagayen safe ya ga -12 a ƙofar babban ɗaki. Ya karanta ta goma sha biyu, kamar yadda kowa zai karanta, ya sa aka kira Yaya, ya tambaye shi tun yaushe sanyi ya ragu haka bai sani ba. Yaya ya ɗauko ma'auninsa na hannu ya shiga ciki, ma'aunin ya nuna goma sha takwas cif. Ya tsaya a bakin ƙofa, ma'auni a hannu, yana duban allon. Daga baya leburori suka ba Auta labarin abin da ya ce: allon nan ƙanwarsa ce ta yi shi, ba za ta yi kuskure ba, ma'auninsa ne ya tsufa.

Ya kashe injin da lafiyarsa ƙalau, ya kwance shi da tsakar rana, mai ma'ajiyar na tsaye a kansa yana faɗa. Cikin gaggawa wani siririn bututu ya tsage, gas ya tsiyaye. Kafin a samo wani bututun, ruwa ya fara bin ƙasan kwalayen kifi. Aka sallami Yaya a ranar.

Matarsa ce ta gaya wa Auta, shi bai kira ba. Da ta koma ofis Dogo ya buɗe mata bayanan safiyar ranar. Layi bayan layi, -12 ce, ba ta motsa ba har lokacin da aka kashe injin. Gyaran layi ɗaya ne a manhajar. Ta yi shi kafin ruwan da Dogo ya ɗora ya tafasa, saurin ma ya fi komai yi mata ciwo.

Ta je wurin mai ma'ajiyar da kanta ta yi masa bayani, har da zane a bayan kwali. Ya saurara, ya ce ya gane, amma allo bai fasa bututu ba, kuma ya riga ya ɗauki wani.

Ta iske Yaya a ƙofar gidansa, durƙushe a bayan firjin maƙwabta, ya baje kayan aikinsa a kan buhu. Ta gaishe shi, ta tsuguna, ta faɗa masa komai ba ta rage ba. Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure ƙusar da ke hannunsa.

"Wato ma'aunina gaskiya ya faɗa."

"Gaskiya ya faɗa, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce har ya jefa shi a kwandon shara a ranar, ga shi na mahaifinsu ne. Auta ba ta taɓa sani ba. Ta so ya yi mata faɗa, ko ya ɗaga murya, da ta sami abin riƙewa. Sai ya ce ta tashi kada maiƙo ya ɓata mata riga. Ya ce mai firjin nan na jira, in ba ta da uzuri ta taimaka ta ɗauko yara daga makaranta.

Ta karɓi lemar da matarsa ta miƙo mata, ta kama hanya. A bakin ƙofar makarantar ta tsaya cikin iyaye, tana goge fuska kafin a buga ƙararrawa.