Tabarmar Cleon Marbury

Norm Pavlik yana kokawa da maɓallin baƙar kwat ɗinsa a ƙofar gidan abincin Dutch sai idonsa ya faɗa kan ƙusa a bango, ba komai a jikinta. Hoton da ya saba gani a wurin ba ya nan. Shatinsa kawai ya rage, ya fi sauran bangon haske.

"Ga Tabarma nan," in ji Dutch daga bayan kanta. "Jama'a, a kula da ƙafa, kada a taka dattijo."

Tsofaffin da ke shan kofi suka yi dariyar da suka saba, ba ƙari ba ragi. Norm ya cire hula ya rusuna musu kamar wanda aka yi wa kirari.

"Ina hotona?"

"Hotonka? Ku ji mutum. Hoton Cleon dai. 'Yarsa Denise ta aiko an karɓa, nawa ya fi na kowa fitowa. Za su buga ƙato su kafa a fili."

"Ke nan yau har ƙurar da ke hancina za a gani."

"Da haƙorin da babu," in ji Dutch. "Ƙwai biyu?"

"Ɗaya. Kwat ɗin nan ba ta son wargi."

A Carver Falls, garin da masana'antar ƙarfe ta mutu ta bar wa mutane ƙwallo, irin wadda ake runguma a ruga da ita, su riƙa ta'aziyyar kansu da ita, ba wanda ake yi wa bayanin hoton nan. An ɗauke shi a wasan ƙarshe na makarantun sakandaren yankin, shekara hamsin da suka wuce ko kusa da haka. Cleon Marbury ne a sama, ƙwallo rungume a ƙirji, ƙafafunsa biyu ba sa taɓa ƙasa. A ƙarƙashinsa wani yaro ne kwance rigingine, hular kwano a karkace, hannu ɗaya miƙe yana cafkar iska, baki a buɗe. Aikin yaron ɗaya ne tak, ya kayar da duk wanda ya taho da ƙwallo. Sai ya sunkuyar da kai ya rufe ido ya kai wawura, abin da kocinsa ya hana shi tun ranar farko. Ya wuntsila, Cleon ya bi ta kansa ya wuce layin ci. Yaron nan Norm ne, tun ranar ake ce masa Tabarma.

Daga nan Cleon ya tafi jami'a, ya shiga ƙwallon ƙwararru, ya yi shekaru yana bi ta kan ƙartin da suka ninka Norm, har ƙasar duka ta san sunansa. Norm ya shiga sayar da tayoyin mota. Jaridar da ta buga hoton ta rubuta a ƙasa: "Marbury yana tsallake wani ɗan wasa." Norm yakan ce shi ne mutum na farko a tarihin Ohio da ya yi suna a matsayin "wani".

Ɗan makarantar tsallaken kogi ne, abokan hamayya. Amma ya auri 'yar Carver Falls ya tare a garinta, inda hoton yake a shagon aski, a ofishin likitan haƙori, har a ɗakin taro na coci. Wannan, a faɗarsa, shi ne karo na biyu da ya rufe ido ya kai wawura.

Cleon ya rasu a makon da ya wuce. An binne shi a tsakanin dangi. Yau Asabar gari zai yi nasa juyayin a filin makarantar Carver Falls, wajen wasan ƙwallo, kuma Denise ta roƙi Norm ya yi magana a hutun rabin lokaci.

Matarsa Loretta ce ke tuƙi, don gwiwarsa ta dama ta daina jituwa da birki.

"Me za ka ce musu?" ta tambaye shi.

"Zan ce ba wanda ya san takalmin Cleon kamar ni."

"Norm."

"Gaskiya ce. Su ta sama suka gan shi. Ni ta ƙasa."

"Ka rufa mini asiri, tsoho. Da yara a wurin, da 'yan jarida. Ka yi shekara da shekaru kana ƙorafi a kan hoton nan. Ka taɓa roƙon wanzami ya sauke shi, ka manta?"

"Ya sauke. Ya mayar da shi gaban madubi, inda zan fi gani."

Ba ta yi dariya ba. Ta san ranakun Lahadi. Dukan da Cleon ya sha a kai lokacin wasa ya biyo shi da tsufa. A shekarunsa na ƙarshe yana gidan kula da marasa lafiya, wani lokaci ya kira Denise da sunan uwarsa, wani lokaci ya tambaye ta ko sabuwar ma'aikaciya ce. Amma da Norm ya leƙo ƙofa bayan an tashi daga coci, sai fuskarsa ta washe.

"Tabarma! Har yanzu kana ƙasa?"

Sai ya miƙo hannu daga kan kujera, ya kama na Norm ya ja, kamar mai ɗaga wanda ya faɗi. Ma'aikatan sun ɗauka ruɗewa ce. Norm bai taɓa gyara musu ba. A ranar wasan, bayan Cleon ya wuce layi, ya ajiye ƙwallo, ya bar abokansa suna tsalle, ya tako ya dawo inda Norm yake kwance. Ya ɗaga shi, ya gyara masa hular kwano, ya ce, "Gobe ka buɗe ido, mutumina." Mai hoton yana can yana sauya fim.

Filin ya cika tun kafin su isa. Mutane sun sa riguna masu lambar Cleon a kan rigunan sanyi, hayaƙin nama yana tashi daga bayan motoci. Denise ta tare su a bakin ƙofa. Doguwa ce kamar ubanta, lauya a Cleveland, ta rungume Loretta sannan ta kama hannun Norm.

"Mista Pavlik, zo in nuna maka kafin a yaye. Na yi maka wani abu."

A gefen filin an kafa ƙaton allo, ya fi bas tsawo, gindinsa a kan ciyawa, an lulluɓe shi da zane. Ta ɗaga gefen zanen suka shiga ciki.

Ga Cleon a sama, ya ninka girman mutum, idanunsa a gaba, kowace jijiya ta hannunsa a fili. A ƙarƙashinsa ciyawa ce kore shar, lafiyayya, ba ko sawun takalmi.

"Da kwamfuta suka yi," in ji Denise. "Ba za ka ce an taɓa ba, ko? Na ce musu mutumin nan ya sha tsiya ta ishe shi. Ba zan kafa shi ƙato a gaban gari ba bayan duk abin da ya yi wa Baba."

Norm ya dubi inda kansa ya kamata ya kasance. Ya nemi ko da ɗan yatsa, ko inuwa. Aikin ya yi kyau ƙwarai.

"Ciyawar ta fi ni kyau," ya ce.

"Ka ji daɗi?"

"'Yata, ai ban san abin da zan ce ba."

Ta matse hannunsa ta tafi tarbar magajin gari. Loretta ta dube shi ta gefen ido.

"To, an karɓi addu'arka."

"An karɓa."

"Ka yi murna mana."

"Ina yi. A ciki take."

Aka yaye zanen aka yi tafi. Sannan aka soma wasa yadda ake yi wa ɗan ƙwallon da ya mutu. 'Yan Carver Falls suka fito a farkon wasa su goma maimakon sha ɗaya, suka jeru, suka bar gurbin Cleon a baya ba kowa. Ba wanda ya taɓa ƙwallo. Suka tsaya har lokacin da doka ta ba su ya ƙare, alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa rawaya na laifin jinkiri, kocin abokan hamayya ya girgiza hannu ya ce ya yafe. Filin ya yi tsit, ana jin tuta tana kaɗawa.

Norm ya kalli gurbin da aka bari, sannan ya kalli allon. Wanda ya mutu an ajiye masa wurinsa. Shi da yake zaune da ransa, da kwat mai matse ciki, an shuka ciyawa a nasa. Ya ji abin ya ba shi dariya, amma dariyar ba ta fito ba.

A bayansu wata yarinya ta tambayi uwarta, "Mama, me ya sa yake tsalle?"

"Murna yake yi, ina ji," in ji uwar.

Norm ya juya kamar zai yi magana. Loretta ta dafa gwiwarsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, magajin gari ya yi jawabi, wani tsohon koci ya yi kuka. Sannan mai sanarwa ya ce, "Yanzu za mu ji daga bakin aminin marigayi, Mista Norman Pavlik."

Tafin da aka yi na ladabi ne. Wani a sahun gaba ya ce, "Wane ne kuma haka?" Muryar ta yi kama da ta mutumin da ya yi shekara ashirin yana sayen taya a wurinsa.

Norm ya sauka a hankali, yana dafa ƙarfen matakala. Lasifika tana jiransa a tsakiyar fili. Ya wuce ta. Ya nufi allon, ya tsaya a gindinsa, ya ɗaga kai ya auna inda ƙafar Cleon ta hagu take. Ya kwance maɓallin kwat, wanda da ma neman hanya yake. Ya durƙusa da gwiwar hagu, ta dama ta yi ƙara har 'yan ganga suka ji. Ya kwanta rigingine a kan ciyawa mai sanyi, ya karkata hula, ya miƙa hannu ɗaya sama, ya buɗe baki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zabura da jakarta. Kafin ta yi taku uku sai muryar Dutch ta tsaga filin.

"Tabarma!"

Dariyar ta soma daga wajen tsofaffi, ta bi sahu-sahu har ta kai sama. Sai ta koma tafi, sai mutane suka miƙe. Wasu na dariya suna share ido. Norm bai ga ko ɗaya ba. Daga inda yake, tafin takalmin Cleon kawai yake gani da sararin sama, daidai yadda ya bar su. Wannan karon idonsa a buɗe yake.

Tafin ya lafa. Bai motsa ba. Loretta ta iso ta tsaya a kansa, jaka a hammata.

"To, an gani. Tashi."

"Ba zan iya ba."

"Norm, kada ka mayar da abin wasa."

"Ba wasa ba ne, mata. Gwiwar ta ƙi. Kuma mai ɗaga ni ba ya nan."

Denise ce ta zo bayanta. Ta dubi allon, ta dubi tsohon da ke ƙasa.

"Ashe da ya riƙa jan hannunka a asibiti..."

"Ya dawo ne ranar. Bayan ya ci. Ba a ɗauki hoton wannan ba."

Ta cire takalmanta masu tsini ta ajiye, ta kafa ƙafa, ta kama hannun da ke miƙe ta ja. Ƙarfin gidansu ne. Ya tashi tsaye lokaci ɗaya, kwat ta yage a hammata. Ta gyara masa hula.

"Zan sa a mayar da kai," ta ce.

"Ki ce su rage mini hanci kaɗan."

"Ko gashi ɗaya ba za a taɓa ba."

Wata mai ɗaukar hoto ta jaridar gari ta biyo su bakin fili tana haki, ta juya masa kyamara ya gani. Ga shi nan kwance, baki buɗe, ciki ya turo riga, Cleon yana shawagi a kansa.

"Shafin farko ne wannan, ranka ya daɗe."

"Na ɗagawar fa? Kin samu?"

Ta danna ta duba, ta sake dannawa. "Kash. Lokacin na juya ina ɗaukar jama'a."

Norm ya dubi Loretta. A karo na farko a ranar, ita ce ta fara dariya.

"Yaya zan rubuta sunanka?" in ji mai hoton, ta ciro biro.

Ya kakkaɓe ciyawa daga gwiwarsa.

"Rubuta Tabarma," ya ce. "In kin sa ɗayan, ba wanda zai gane."