Atisayen Ɓuya a Aji Uku

Wai atisaye ne. Mista Dwyer, shugaban makarantarmu, ya ce in an sanar da mutane ba za su ɗauke shi da gaske ba, don haka ya danna ƙararrawa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na kashe fitila, na kulle aji, yarana suka lafe a bango kamar yadda muka koya musu in ɗan bindiga ya shigo. Da aka gama na duba, babu Tessa.

Tana cikin ɗan ɗakin ajiyar fenti, ta zura sakata. Ita ce yarinyar da aka harbe wanta bara a wata makaranta, ubanta ya kwaso su zuwa nan Nebraska don ta manta.

"Tessa, ni ce Misis Harlan. An gama, ƴar lele, fito."

Ba ta buɗe ba. Ai mu muka koya musu: ko wa ya ce an gama, kar a buɗe, mugu ma ya iya muryar kirki.

Na kira Lorraine Petrak, masaniyar halayyar ɗalibai. Ita kaɗai ce a makarantu biyar, yau tana can wani gari. Tun farkon zango take roƙon Dwyer ya sanar da ita kafin kowane atisaye, ta fitar da Tessa. Ya ce to. To ɗinsa ba ya wuce bakinsa.

Kafin ta iso har ya ɗauki waya. "Ƴan kwana-kwana zan kira su ɓalle ƙofar nan."

Ta shigo tana haki, ko kwat ba ta cire ba. "Ƙarti da gatari? Dwyer, kanka ɗaya kuwa? In suka doki ƙofar nan, yarinyar nan ba za ta ƙara taka makaranta ba."

"Akwai sinadari a ciki, Lorraine. Ba taga."

Gaskiyarsa, abin da ya fi ƙona min rai kenan. Ji nake kamar in kurma ihu.

Lorraine ta tuɓe takalmanta, ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofar. Ta yi ƙasa da murya. "Tessa, Misis Petrak ce. Ba zan ce ki buɗe ba. Kin yi daidai yadda aka koya miki. Ni dai ina nan waje, zan zauna."

Muka yi ta jira. Dwyer na kallon agogo, yatsansa a kan wayar. Ni kuwa addu'a nake, Allah ya sa ko tari ta yi mu san tana numfashi.

Can sai sakata ta motsa. Wani ɗan hannu ya fito ya damƙi rigar Lorraine.

"Kina waje?" Tessa ta faɗa cikin raɗa. "Shigo maza, kafin mugun ya gan ki!"

Lorraine ta rarrafa ta shiga. Muna tsaye muka ji an sake zura sakata.